Wa Zai Kai Ƙarar Mai Riƙon Amana?

A shekarar 1843, wata kotun Ingila ta kori ƙarar masu hannun jari biyu, Foss da Turton, waɗanda suka zargi daraktocin kamfaninsu da sayar masa da filayensu a kan farashin da ya wuce kima. Hujjar alƙali ita ce kamfani aka cuta, shi ke da hurumin kai kuka. Sai dai bakin kamfani daraktocinsa ne, an bai wa kura ajiyar nama ke nan. Shi ya sa dokar kamfanonin Najeriya ta 2020 ta yarda mai ƙaramin jari ya nemi izinin kotu, ya yi ƙara a madadin kamfanin. In ya yi nasara, galibi asusun kamfani diyyar ke shiga, ba aljihunsa ba.