Ƙawata Gwanar Ƙwallon Raga

A wannan watan labarin wata ƙawata zan ba ki, haɗe da wani laifi nawa da ya daɗe yana cin raina.

Lokacin da na bar Indabo na tafi Kano karatun NCE, an haɗa ni ɗaki ɗaya da wata doguwar yarinya 'yar sashen wasanni da kiwon lafiya, ni kuma ina sashen Larabci da addinin Musulunci. Ita ce gwanar ƙwallon raga ta kwalejinmu. Idan ba ki san wasan ba, mutum shida-shida ne ke fuskantar juna, da raga a tsakaninsu mai tsayin mita 2.24 a wasan mata, kuma sau uku kawai kowane ɓangare zai taɓa ƙwallo kafin ya tura ta. Ƙawata ce mai taɓawa ta ukun. In ta yi tsalle ta maka ƙwallon nan da ƙasa, har ɗakin kwananmu ana jin shewa. Duk da haka ban taɓa ganin sallar Asuba ta wuce ta ba, sau da yawa ma ita ke tashina.

A shekararmu ta biyu aka zaɓe ta cikin masu wakiltar makaranta a gasar kwalejojin ilimi ta ƙasa, wato NICEGA. Da aka kawo kayan wasa, sai ga gajeren wando da riga marar hannu. Ta ce ita kam ba za ta sa ba. Da kuɗin abincinta ta ɗinka dogon wando sakakke da riga mai dogon hannu, ta haɗa da ƙaramin hijabi. Mai horar da su ya ce ko ta sa irin na kowa, ko ta haƙura da tafiyar.

A daren nan ta roƙe ni in raka ta wajen hukumar makaranta, tunda ni ce mai karatun addini, in taya ta bayani. Kin san abin da na ce mata? Cewa na yi, "Ke ma me ya kai 'yar Musulmi tsalle-tsalle?" Ba ta ce mini uffan ba. Aka tafi gasar ba da ita ba. Ita kaɗai ta yi ta sintiri ofis-ofis, sai a shekarar ƙarshe aka yarda ta shiga fili da suturarta, har aka ba ta shugabancin 'yan wasan.

Abin kunyar, uwargida, na riga na karanta hadisin nan na Abu Dawud, inda Nana A'isha (RA) ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) ta wuce shi, daga baya da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. Sutura ƙawata take karewa, ni da ya kamata in tsaya mata na juya mata baya.

A 2016 na ga hoton Doaa Elghobashy 'yar ƙasar Masar, sanye da hijabi da dogon wando tana ƙwallon raga ta kan yashi a gasar Olamfik ta birnin Rio. A ranar na nemo lambar ƙawata na roƙe ta gafara. Ta yi dariya ta ce ta daɗe da yafewa. Yau matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, tana koyarwa a sakandaren 'yan mata, kuma duk ɗalibanta da cikakkiyar sutura suke wasa.

Kwanan baya babbar 'yata ta ce tana son shiga ƙwallon raga a makarantarsu. Na ji tsohuwar maganar nan ta zo mini baki, na haɗiye ta. Ni da babanta muka je muka tambaya: wane kaya za su sa, wa zai horar da su, su wa ke kallo, kuma ana tsayawa in lokacin salla ya yi? Da muka gamsu, ni na kai yadin wandon wajen tela.

Idan taki 'yar ta zo miki da irin wannan, kada ki sallame ta da tsawa. Ki yafa mayafinki ki je ki gani da idonki. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.