Atlanta a ranar wasan ɗalibai

Wanda fatauci ya kai shi birnin Atlanta na Amurka a farkon Disamba, to ya shirya wa cunkoso. Lokacin ne ake buga wasan ƙarshe na gasar SEC ta jami'o'in kudu maso gabashin ƙasar, a filin Mercedes-Benz mai ɗaukar mutum sama da 70,000. Ƙwallon tasu ba irin tamu ba ce. Rungumarta ake yi a ruga, ana bangazar juna da hular kwano a ka. Kuma 'yan wasan nan ɗalibai ne fa!

A 2023 Alabama ta doke Georgia da ci 27 da 24, ta katse mata nasara 29 a jere. Tun da hantsi magoya baya ke cika wuraren ajiye motoci suna gasa nama, gari ya koma ja wur, don jami'o'in biyu duk masu jan kaya ne.

Ɗan kasuwa zai ga kuɗi na yawo, amma a yi hattara. Tambarin jami'a rajista gare shi, rigar jabu kan jawo ƙwace kaya, talla a titi kuma sai da lasisi. Cikin filin ba a karɓar tsabar kuɗi, sai kati. Ranar, jirgin ƙasa na MARTA ya fi mota sauƙi.