Motar Yaya da Lambar 91

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. To ni dai na sayi tawa rariyar ido buɗe, sai dai ban san yawan hujojinta ba sai da ta shigo gidana. Rariyar kuwa ita ce motar yayana, Allah Ya jiƙansa, ƙirar Nissan 350Z ta 2003, ja wur, mai kujera biyu rak, wadda ya sayo tokumbo daga Amurka ta hanyar Kwatano. Duk unguwar Sabo ta Ibadan babu wanda bai san kukanta ba. Da ya rasu a 2021 aka zauna rabon gado, aka yi wa motar kuɗi, sai na ga babban ɗansa, yaro ɗan shekara 13, ya tashi ya fice daga zauren yana share hawaye. Nan take na ce na saya, zan riƙa biyan marayu kaɗan-kaɗan a ƙarshen kowane wata, in ya girma kuma in miƙa masa mabuɗi. Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita a gaban dattawa.

Mai karatu zai so ya san cewa ni malamin makaranta ne, kuma kafin wannan rana ilimina game da man fetur bai wuce in tsaya a gidan mai in ce a zuba na dubu biyar ba. A cikin takardar motar na ga an rubuta cewa a ba ta mai wanda lambarsa ta oktan ta kai 91. Na tambaya aka ce mini ai man da ake sayarwa a Nijeriya nan ya tsaya, wajen 90 zuwa 91. Hankalina ya kwanta, na ce faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ba a yi wata biyu ba na fara jin wata 'yar ƙara duk lokacin da na taka totur ina hawan tudun Mokola da rana tsaka, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa. Ƙarar ba ta daɗewa, amma da ta ɗauke sai in ji motar ta yi nauyi, ta zama kamar dokin da aka ja wa linzami. Na kai ta wurin tsohon bakaniken Yaya, wani dattijon Bayarabe wanda ya yi shekaru a Kano, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya yi dariya.

"Malam, 91 ɗin Amurka ba 91 ɗinmu ba ne. Mudu ne ya bambanta."

"To Baba, ashe lamba ma tana da ƙabila?"

Bayanin da ya yi mini a ranar, da abin da na bi na karanta daga baya, shi ne wannan. Lambar oktan ba ma'aunin ƙarfin mai ba ce, kamar yadda yawancinmu muka ɗauka. Ma'aunin haƙurinsa ce, wato yadda zai jure matsi da zafi ba tare da ya kama da wuta don kansa ba. A cikin kowace silinda fistin yakan matse cakuɗin iska da mai, sa'an nan fulogi ya kyasta wuta, wutar ta bi cakuɗin a hankali ta tura fistin ƙasa. Injin wannan mota mai silinda 6 yakan matse cakuɗin har ninki 10.3, domin daga matsin ne yake samo dawakansa 287. Idan man ba mai haƙuri ba ne, sai ragowar cakuɗin da wutar ba ta kai gare shi ba ya fashe da kansa, ya doki kan fistin. Ƙarar tsakuwar da nake ji ke nan. In abin ya yawaita yana iya cinye kan fistin, injin ya tashi aiki.

Su kuwa ma'aunan iri biyu ne, ɗaya ana gwada mai da shi cikin sauƙi, ɗaya cikin tsanani. Mu da Turai muna rubuta sakamakon mai sauƙin, Amurkawa kuwa sukan haɗa biyun su raba biyu, don haka lambarsu takan gaza tamu da 4 ko 5. Ashe 91 ɗin da ke cikin takardata daidai yake da 95 ko 96 a mudunmu, man da nake zubawa kuma bai wuce 87 ɗinsu ba, wanda su ke kira na gama-gari. Abin da ya hana injin mutuwa shi ne wata 'yar na'ura da ke manne a jikinsa tana sauraren wannan ƙara. Da ta ji sai ta sanar da kwamfutar motar, ita kuma ta jinkirta kyastawar fulogi. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, kuma kowace lita ba ta kai ni inda ya kamata ta kai ni. Ina biyan kuɗin ingarma, ina hawan akawal.

Daga nan masu ba da shawara suka yi mini ca. Wani ya ce in nemo man ƙananan jiragen sama in riƙa sirkawa. Allah Ya taimake ni Baba ya hana, domin wannan mai yana ɗauke da dalma, ita kuwa dalma takan kashe matatar hayaƙin salansa da na'urorin da ke auna shi. Wani ya kawo mini 'yan kwalaben da ake cewa suna ɗaga oktan. Na yi wata uku ina zubawa kafin in gane cewa makin da yawancinsu ke alkawari kashi ɗaya ne cikin goma na lamba guda, ba lamba cikakkiya ba. Ribar da na gani ita ce fulogaina sun yi ja kamar an shafa musu jan kanwa. Man 'yan bumburutu kuwa tun farko na yi masa saki uku, don ko ɗan kananzir aka sirka a jarka ya isa ya rushe haƙurin man gaba ɗaya. A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da mai mai yawan sinadarin metanol ƙasar nan, motoci suka yi ta lalacewa, layuka suka cika gidajen mai, rufe ta na yi da tamfol har mako shida.

A nan zan ɗan ratse in faɗi wata gaskiya ga abokaina masu ƙananan motoci, waɗanda suka ji labarina suka fara sha'awar mai mai babbar lamba. Injin da ba ya matsi mai tsanani ba ya ƙaruwa da komai daga irin wannan mai, domin ba shi da wani ƙarin kuzari a cikinsa. Kuɗinku kawai za ku ƙona.

Duk wannan wasa ne a kan abin da ya biyo bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta doshi 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa 1,000. Tankin motar Yaya yana cin lita 76. Cikon da nake yi da naira dubu 14 da 'yan kai ya koma dubu 76. A wannan wata ne na fara kasa kai wa marayu kasonsu cikakke. Mahaifiyarsu ba ta ce mini uffan ba, ta karɓi abin da na kawo ta sa albarka, kuma wannan shirun ya fi mini zafi da a ce faɗa ta yi. Na kwana ina juyi: mota ce na yi alkawarin adanawa, ko kuwa yaran mai motar?

Sai na sayi ɗan littafi na ajiye a aljihun ƙofa. Duk ranar da na cika tanki in rubuta lita da kilomita. Lissafin bai yi mini ƙarya ba. A cunkoson Dugbe da Iwo Rod tana shan lita 16 zuwa 17 a kilomita 100. A babbar hanyar Legas, in na sa giya ta shida na tsaya a gudun 100, sai ta sauko wajen lita 10. In kuwa shaiɗan ya zuga ni na kai 140, sai littafin ya tona mini asiri, domin turjiyar iska ba bin gudu take yi taki-taki ba: in ka ninka gudu biyu, ita ninkuwa huɗu take yi. Na koyi duba iskar taya kowace Asabar, na daina barin inji yana aiki a tsaye da sunan ɗumama shi, na daina taka totur har ƙasa a babbar giya ina hawan tudu cikin zafin rana, wanda shi ne lokacin da ƙarar tsakuwa ta fi so. Abin da ya fi duka tasiri kuwa ba dabara ba ce: na koma shiga motar haya zuwa makaranta, ɗalibaina suna gaishe ni a ciki suna ƙunshe dariya.

Yanzu sau biyu take fita a wata, da sassafe, kafin rana ta yi zafi, kuma ba na zuba mata lita ɗaya sai na fara cire kason marayu na ajiye gefe. A bara wani dillali ya taya ta da kuɗin da zai biya sauran bashin gaba ɗaya har in sami canji. Na kira yaron na gaya masa, na ce shawara tana hannunsa, tunda shi aka yi wa alkawari. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Baffa, nawa take sha zuwa Legas da dawowa?"

Na buɗe aljihun ƙofa na miƙa masa littafin, na ce ya lissafa da kansa. Ya zauna a kujerar mahaifinsa da biro a hannu, ya yi ta bugawa yana sokewa, har aka kira sallar Magariba. Da ya fito bai ce a sayar ba, bai kuma ce a bari ba. Littafin dai yana wurinsa har yau, kuma shi ke zuwa duba iskar tayoyin ran Asabar.