Tabkin da ke cikin hoto

Ƴan'uwa, akwai wani hoto a bangon ajinmu na yaƙi da jahilci. Hoton tabkin Ansi ne, cikin duwatsun ƙasar Faransa. Ga ruwa garau, ga jiragen ruwa, ga masu kuɗi suna hutu. Wani dattijo cikin ɗalibaina ya duba ya ce: "Malam, waɗannan Allah ya gama musu kome."

Na ce: "Baba, da can ƙazantar gari ta kusa kashe tabkin nan. A 1957 garuruwa 8 suka haɗa kai, suka gina magudanar da ke kauda ruwan datti."

Ya yi shiru. Kashegari na tarad da shi bakin tabkinmu, yana hana yara zuba shara inda shanu ke shan ruwa.