Ita wayar wa ya gaya mata?

Ran nan da dare muna fada a nan Maraɗi, shayi na kan wuta, sai gardama ta kaure. Abokinmu ɗan Damagaram ya ce a 1926 Turawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Zinder suka kai Yamai. Wani ya rantse 1922 ne. Da a da ne, sai mu kwana a kanta, kowa ya tafi gida da tasa. Amma ƙaraminmu ya zaro waya, ya buɗe Wikipedia. Kafin a zuba na biyu an raba gardama: a 1922 Faransa ta mai da Nijar koloni, a 1926 aka ƙaura da babban birni. Ashe kowa na riƙe da gefe guda na zancen.

Muna cikin yaba wa waya, sai Baba, tsohon da muke zama ƙofar gidansa, ya yi gyaran murya. Ya ce: "To ƴaƴana, ita wayar wa ya gaya mata?" Muka yi dariya, amma wallahi har aka watse babu wanda ya ba shi amsa.

Amsar ita ce, mutane ne irinmu. Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a Amurka a 2001, kuma masu rubuta ta ƴan sa kai ne. Duk mai intanet yana iya gyara yawancin shafukanta. Gayya ce ke nan. Mu kuwa mun san halin gayya: gonar da jama'a suka taru a kanta kafin azahar ta yi fes, wadda mutum biyu suka je, ciyawa ke cinye ta.

Inda aka taru, aikin na da kyau. A 2005 mujallar kimiyya Nature ta sa masana suka duba batutuwa 42 a Wikipedia ta Ingilishi da kuma Britannica, kundin da ƙwararru ke rubutawa. Suka iske kusan kuskure huɗu a kowane batu na Wikipedia, uku a na Britannica. Britannica ta yi jayayya da binciken, amma duniya ta ga ratar ba ta kai yadda ake zato ba. Ga ɗan lakwal na ƙauye da bai taɓa shiga ɗakin karatu ba, wannan ba ƙaramar ni'ima ba ce, kuma ban da kuɗin intanet ba ya biyan ko dala.

Inda babu idanu kuwa, nan ɓarna take. A wannan shekarar ta 2005 wani ya rubuta ƙarya kan ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler, wai an taɓa zarginsa da hannu a kisan Kennedy. Ƙaryar ta yi wata huɗu tana zaune. A 2020 kuma aka gano wani matashi Ba'amurke ya shafe shekaru yana rubuta dubban shafuka a Wikipedia ta harshen Scots na Sikotilan, alhali bai iya harshen ba. Ingilishi yake karkata wa baki kawai. Masu harshen ba su leƙawa, shi ya sa ya daɗe.

Wannan labarin ne ya tsorata mu, don akwai Wikipedia ta Hausa, akwai kuma shafuka kan garuruwanmu da sarakunanmu cikin Faransanci. Idanu nawa ne daga cikinmu ke kansu? Yaranmu na kwafe abin da suka gani su kai wa mushe, mu manya mu tura a WhatsApp, gobe ya zama tarihi.

Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malamanmu ba su karɓar hadisi sai sun tambayi isnadi: wa ya faɗa, daga wa ya ji? Ƴan lambobin nan ƙanana da ke ƙarshen jimla a Wikipedia su ne isnadinta. Ka taɓa, ka ga ko littafi ne, ko jarida, ko babu komai. Kowane shafi kuma na da tarihin gyare-gyarensa, ana ganin wa ya canza me da yaushe. In zancen magani ne ko fatawa, ka karanta, sannan ka nemi likita ko malam.

Sai dai akwai abin da ya fi ci mana rai. Dokar Wikipedia ita ce ba a saka zance sai an buga shi a wani wuri. Baba ya san labarin ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon garin Maraɗi har aka hau tudu, gida gida, kamar yadda ya ji daga bakin mahaifinsa. Wannan ba ya shiga, sai wani ya rubuta an buga. Amma fa ba a hannu sake muke ba. André Salifou ya rubuta tarihin Damagaram, Djibo Hamani ya rubuta na Adar, cibiyar CELHTO a Yamai ta daɗe tana tattara tarihin baka. Abin da ya rage shi ne mai karantawa ya ɗauko ya saka, da Hausar da uwarsa za ta gane.

Washegari mun koma wurin Baba da amsa. Muka ce: "Baba, mutane ne ke gaya mata." Ya ce: "To ku me kuka gaya mata?" Muka yi tsit. Yanzu dai mun fara ɗaukar muryarsa a waya duk daren Juma'a, ƙaraminmu na rubutawa a littafi. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ku ma ku duba abin da aka rubuta kan garinku, ku gaya mana abin da kuka iske. Allah ya sa mu dace.