Wa Ke Kula Da Huhun Mai Sayar Da Takalmi?

Kamar yawancinmu a nan Ingila, ni ma na yi aikin wucin gadi don in rage wa iyayena nauyi. Nawa rabon ya faɗa a wani shagon takalma. Gaban shagon sai wanda ya gani: fitilu, madubai, kujeru masu laushi. Amma ni wurina ɗakin ajiya ne a ƙarƙashin ƙasa, babu taga ko ta leƙen kaza. Warin gam da na roba ne ke yi mini sallama kowace safiya. Kafin wata uku, ciwon kai ya zame mini abokin zama, har na fara gyangyaɗi a aji. Abin takaici, zanen gine-gine nake karantawa.

Ana nan sai malaminmu ya kai mu Holan, garin Hilversum, mu ga hedikwatar kamfanin takalma na Nike ta nahiyar Turai. William McDonough, mai zanen gine-gine ɗan Amurka, shi da abokan aikinsa suka tsara ta, aka kammala a 1999. Hasken rana ya wadaci ofisoshin. Zafin bazara a ruwan ƙarƙashin ƙasa ake adana shi, a jawo shi lokacin hunturu a ɗumama ɗakuna. Ruwan sama kuwa tara shi ake yi don bayan gida da ban ruwan shuke-shuke. Na tsaya jikin wata taga na ja numfashi, sai ɗakin ajiyarmu ya faɗo mini a rai.

Amma fa kada kyan gini ya rufe mana ido. Ba a Hilversum ake ɗinka takalman ba, a ƙasashe irin su Biyetnam da Indunisiya ake yi. A 1997 wani rahoto ya fallasa yadda ma'aikatan wata masana'anta a Biyetnam ke shaƙar sinadarin gam mai cutarwa. A 1998 shugaban kamfanin na lokacin, Phil Knight, ya yi alkawarin gyara iskar masana'antun ta dace da ƙa'idar Amurka.

Da na dawo, na cire kunya na sami manajanmu da ɗan zanen da na yi: inda za a sa fankar zuƙe iska, da yadda za a jera kwalaye nesa da inda muke zama. Gabana na faɗuwa, don aikin nan da shi nake biyan kuɗin ɗaki. Bai kore ni ba, bai kuma yi duk abin da na ce ba. Fanka ɗaya aka sa. Da babu gara ba daɗi.

Tun daga ranar, duk ginin da aka ba ni in zana, daga ɗakin leburan nake farawa. Ku ma in kun shiga shago gwada takalmi, ku dubi fuskar wanda ya hauro da shi daga ƙasa. Allah Ya ba mu lafiya da abin yi, amin.