Hoton Da Ban Ɗauka Ba

'Yan'uwana mata, ku faɗa mini gaskiya, in ba ranar biki ko suna ba, yaushe muke tunawa da hoto?

Ni haifaffiyar Haɗejiya ce, amma sai bara na zaga garinmu da idon baƙo. Kawuna ne ya yi mana jagora, ni da 'yata, ina riƙe da waya ina ɗauka. Muka fara da ƙofar fada, inda ya ba mu labarin Sarki Muhammadu Mai Shahada, wanda ya ƙi miƙa wuya ga Turawa har suka kashe shi a 1906. Daga nan muka bi sawun ganuwa. Wallahi abin da ya rage kaɗan ne, wani wurin sai dai Kawu ya nuna da sanda ya ce, "Nan take a da."

Da la'asar muka gangara bakin kogi, masunta na ta jefa birgi. Nan fa jikina ya yi sanyi. Ruwan nan ne ya cinye ɗakin marigayiya Innata a ƙauyensu lokacin ambaliyar 2022. Hotunan anko kuwa ina da su fiye da ɗari, amma ko ɗaya ba ni da shi na ɗakin da ta raine ni.

Sai na juya na ɗauki Kawu da sandarsa. Ya yi dariya ya ce, "Ni ma na zama ganuwa ke nan?"

'Yar'uwa, tsohon da ke gidanku, ɗauke shi yau. Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.